Shawara ga 'yan uwa na New York kan masu duba funfuna

Salam jama'a. In funfuna ta fito a bangon gidanka za ka kira mai dubawa, kafin ka ba shi ko dala ɗaya ka ce ya turo maka lambar lasisinsa na jiha, ka duba a shafin ma'aikatar ƙwadago ta New York. Minti biyu ne.

Tun 2016 doka ta ce sai da lasisi, kuma wanda ya duba ba shi zai yi aikin gyaran ba a waje guda. Nan ne kuɗinka ke tsira, don in mutum ɗaya ne zai kalli ɗan baƙin tabon da ke bayan wadrop ya ce ai duk bangon sai an fasa, kai kuma tsoro ya kama ka saboda tarin yara. Ni wani ya nuna min satifiket mai kyalli a waya, ashe kos ɗin intanet ne kawai, lasisi babu.

Kuma in kana ganin funfunar da idonka ba lallai ka biya kuɗin gwajin iska ba, hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ma haka ta ce. Nemo inda ruwa ke yoyo tukuna, in ba haka ba dawowa za ta yi.

Inda dabarar ba ta ci: jihohi da yawa ba su da wannan lasisin, can sai ka nemi shaidar ACAC, ƙungiyar da ke tantance ƙwarewar masu irin wannan aikin a Amurka. In haya kake a birnin New York kuwa aikin mai gida ne, in ya yi kunnen ƙashi kira 311, layin kai ƙorafi ga hukumar birnin.