Kurakuran da Masu Dawowa Damagaram Ganin Gari da Abokai Ke Tafkawa

Duk Sallah da duk hutun ƴan lokol, motocin Yamai da na Kano suna sauke mutane iri ɗaya a tashoshin Damagaram: waɗanda suka yi karatu ko aiki a nan shekarun baya, yanzu sun dawo da kwana biyu ko uku a hannu, suna so su ga gari su kuma ga abokai. Ni ma ina cikinsu, kuma kusan duk abin da zan faɗa sai da na tafka shi da kaina.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne raba wa abokai mintoci. Da na dawo bayan shekara 11, na rubuta jerin wurare a waya, na ba wa fadarmu ta unguwar Zango, wato majalisar da muke zaman shayi da abokai, rabin awa tsakanin la'asar da magariba. Na tarar an hura gawayi, buta na bisa, an shimfiɗa tabarma. Ina shanye kofin farko na miƙe ina duba agogo. Abokina bai ko ɗago kai daga juya shayin ba, ya ce: "Malam, na fari ka sha za ka tashi? To sauka lafiya, ashe ganuwa ka zo gani, ba mu ba." An yi dariya, amma ta shige ni. Shayin fada zagaye uku ne, kuma hirar gaske ba ta fitowa sai a na biyu. Gyaran shi ne ka ware dare guda sukutum, kada ka sa komai bayansa. In kwanakinka biyu ne, rage wuraren kallo, kada ka rage wannan.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi: shiga gida ba ka san abin da ya faru a cikinsa ba. Na durƙusa gaban mahaifiyar wani abokina, bayan gaisuwa na ce, "Inna, Baba ya fita ne?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai bara waccan Allah ya yi masa rasuwa." Ƙasa ba ta tsage na shige ba, amma na so. Kafin ka taso, kira mutum ɗaya da ya san kowa, ka tambaye shi wa ya rasu, wa ya yi aure, wa aka yi wa haihuwa, wa ke kwance. Ta'aziyya ita ce farko, sai barka, sannan yawo. Kuma iyaye ake fara gaidawa kafin ƴaƴansu, da ɗan goro ko sabulu ko turare a hannu. Tsaraba ba sai ta yi tsada ba.

Sai lissafin lokaci. Daga Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda a mota, don haka daren isowa na wanka da barci ne, kada ka yi wa kowa alkawari a cikinsa. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, duwatsun garin nan kuma sai su riƙe shi kamar tanda. Wanda ya shiga lungunan Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, da azahar ba abin da zai tuna sai ƙishirwa. Fita bayan asuba ko bayan la'asar. In kana son ganin Kasuwar Dole ta cika ta batse, daidaita zuwanka da Alhamis.

A Birni ne baƙi suka fi yin abin kunya. Mutum zai doso ƙofar fadar Sarkin Damagaram waya a sama, yana ɗaukar dogarai kamar gumaka. Fada ce mai rai, ana zaman shari'a da sulhu a cikinta. Ka yi sallama, ka gaida dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, su za su nuna maka inda ake shiga da inda ake cire takalmi, ka kuma yi ɗan ihsani ga wanda ya zagaya da kai. Haka gidajen nan masu zane a fuska: da mutane a ciki, da matan aure. Nemi izini kafin hoto. Wuraren soja kuwa kada ma ka ɗaga waya.

A nan ne nake ganin an fi yin asara, don mutane kan raba yawo daban, zumunci daban, alhali abokin da aka haifa a Birni ya fi kowane ɗan rakiya. Shi zai kai ka inda ragowar ganuwar Sarki Tanimu ta tsaya, ya ba ka labarin igwa da aka ƙera a garin nan a zamaninsa, da yadda aka kashe Kyaftin Kazamaju, wani hafsan sojan Faransa, a 1898 lokacin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka dawo suka ci garin a 1899. Zai kuma tuna maka, ko ba ka tambaya ba, cewa nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mai da shi Yamai. Badamagare bai taɓa barin wannan ta wuce. Ka ja shi ku tafi tare, kun ga gari kun kuma yi hira.

Ga ƴan uwanmu na Kano da Daura, kuɗi ne tarkonsu. A nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5. In ɗan kabu-kabu ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Yi ciniki kafin ka hau, in ka rikice ka ce ya nuna maka takardar kuɗin. Kuma in kana Hausa, ce Damagaram. Zinder ta takarda ce.

Ruwa ma abin lura ne. Garin ya daɗe yana fama da ƙarancinsa, musamman da bazara, kuma gidaje da yawa wajen ƴan ga-ruwa suke saye. Bokitin da aka kai maka bayi an biya shi. Kada ka nemi na biyu don kawai a Yamai famfonka ba ya ɗaukewa.

Bakinka kuma ka riƙe shi. "Har yanzu kana nan?" tambaya ce mai ciwo ga wanda ya zauna ya riƙe iyaye da ƙanne lokacin da kai ka tafi. Haka yawan "a can wurinmu". In an kawo dambu ko fura, ci ka yaba, kada ka zaro kuɗi a gaban jama'a. In kana son taimaka wa wani, ja shi gefe, ko ka bar saƙon hannun wanda ya raka ka tasha.

In ka sami kwana na uku, ku haɗa kuɗin mai ku tafi Mirriya, ƙasa da kilomita 20 gabas da gari, ku wuni a inuwar lambuna. Ranar Lahadi kasuwarta ke ci. Ku fita da sassafe, kuma kilishin tsaraba ka saye shi tun ana gobe za ka koma, don motocin Yamai tun kafin gari ya waye suke tashi.