Kurakuran da ake yi wajen sayen tsohuwar motar soja mai tsatsa

Duk wanda ya taɓa kwana a hanyar fadamar Auyo yana tonon taya cikin watan Agusta ya san abin da ke jan mutanenmu ga tsofaffin motocin soja irin su MAN da Steyr da Magirus. Suna jan ƙafa huɗu ko shida, cikinsu na sama, inda wata mota ta kafe su wucewa suke yi da buhunan shinkafa. Da yawansu na sojojin Turai ne da aka yi gwanjonsu. A can idan hunturu ya zo gishiri ake zubawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya yi ta fantsama a ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Sannan ga zaman tashar ruwa a Legas ko Kwatano cikin iskar teku. Da tsatsarta take zuwa.

Babban kuskure shi ne mutum ya tsaya yana kallon fenti yana sauraron inji. Na raka kawuna kallon wata, fenti sabo fil, inji ya tashi bugu ɗaya, kawu har ya fara taya kuɗi. Bakaniken da muka tafi da shi ya ce, "Alhaji, a dakata tukuna, a ba ni guduma." Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da tocila. Inda ƙarfe ke da lafiya guduma ƙara take yi tana dawowa. Da ya kai wajen da sifirin na baya ya kama casis, wato dogayen ƙarafa biyun da motar ke zaune a kansu, sai muka ji bus, ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska kamar ƙanzo. Ya tura sukundireba, ta shige. Kawu ya mayar da hularsa muka kama hanya.

Tsatsar ƙofa ko ta bodi ba ita ce abin tsoro ba, fanel bita zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Ta casis ita ce magana, don shi ke ɗauke da lodi. A duba inda sifirin ya kama, da ƙarafan da suka gitta tsakanin dogayen biyu, da wajen da akwatin sitiyari ke ɗaure. Idan casis ɗin ninki biyu ne, a leƙa tsakaninsu: tsatsa tana kumbura a ciki har ta ɓamɓare su, ta tsinke kan rifit. In ka ga haka, bar ta komai arharta. Wajen kai kuma a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba ƙarƙashin ƙafar direba, a bi ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila, wato abin cike ramin ƙarfe, aka cusa aka shafe da fenti.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne mita. Dillali zai nuna maka cewa ba ta yi tafiya ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa, don motar soja ta fi zama a bariki. Amma zama ma cuta ne. Robobi sun bushe, tankin mai ya yi tsatsa daga ciki, tayoyi ga zane kamar sababbi alhali gefensu ya tsattsage. A jikin taya akwai lamba huɗu ta ƙarshe da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, a karanta. A buɗe bawul ɗin ƙasan tankin iskar burki, in jan ruwa ya tsiyayo, a sa kuɗin tanki da bututai cikin lissafi kafin a yi ciniki. Lantarkinta kuma bolt 24 ne, batir biyu ke nan. Kafin ka biya, ka shiga Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, da sunan motar da lambar injinta ka ji ko akwai kayanta.

Takardu ma ana sakaci da su. Lambar da aka buga a jikin casis dole ta yi daidai da ta takardar kwastan, kuma tsatsa takan cinye ta. Mai sitiyari a dama, irin na sojan Ingila, kada ka kusance ta, tun 1972 muka koma bin hannun dama. Koren soja kuwa akwai dokar 1977 da ta hana farar hula tuƙa mota da shi, a sauya launi tun kafin ta hau titi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran da ake yi bayan an saya. Sai a kai wa mai walda na bakin hanya ya liƙa ƙarfe a kan ruɓaɓɓen wuri, ya bi leɓen casis na sama da na ƙasa da wuta. Nan ne nauyi ya fi taruwa, zafin walda yana raunana shi, ranar da aka cika ta da lodi daga gefen waldar za ta tsage, ga mutane a saman kaya. Gyaran kirki shi ne a kankare har sai farin ƙarfe ya fito, a ɗora faranti mai kauri wanda ya zarce wurin ta kowane ɓangare, a ɗaure da kusoshi masu ƙarfi ta gefen casis. Sannan a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na sama.

Bushewar ƙasarmu tana rage wa tsatsa gudu, amma aikin da muke sa motar yana ƙara mata. Takin zamani yana cin ƙarfe, haka fitsarin shanun da ake ɗaukowa daga Maigatari ranar Alhamis. A shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, a wanke bodi da ƙarƙashi ranar da aka sauke, a fitar da lakar fadama da ta maƙale a lungunan casis. Yaron mota kuma ya riƙa tsiyaye tankin iska kullum da yamma, musamman da damina.