Kurakuran da ke cinye gidaje a Damagaram da yadda ake gyara su

A Damagaram wata tara muke yi muna neman ruwa, wata uku kuma muna kwana da fargabarsa. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya zube a watan Satumban 2024 bayan mamakon ruwan sama ya san ruwa ba ya jin kunyar tsufan gini. Kurakuran da nake gani a gidajenmu, daga Zango har Sabon Gari, kusan duk a kan ruwa suke: inda ya kamata a ba shi a hana, inda ya kamata a kore shi a bar shi ya kwanta.

Babbansu shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Mutum ya samu ɗan rufin asiri, ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya kira magini a lulluɓe bangon. Shekarar farko gida ya yi fes, maƙwabta na ta sam-barka. Amma laka tana kumbura in ta sha danshi, ta tsuke in ta bushe, shi kuwa siminti ba ya bin ta. Sai ya yi tsaga siririya kamar gashi, ruwa ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Bango na jiƙa daga ciki, gara na cin karenta babu babbaka, mai gida kuwa yana kallon waje sumul. Ni ma na yi wannan wauta a katangarmu ta gabas, wadda ita ce ke shan dukan hadari, tun da daga can yake taso mana. Wani tsohon magini ya zo wucewa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya ce, "Yaro, ka ji? Ganga ka gina." Gaskiyarsa. Duk inda ya yi ƙarar ƙwarya, siminti ya riga ya rabu da bango.

Gyaran shi ne a ɓamɓare wurin da ya saki, a bar shi ya sha iska ya bushe sarai, a cike ramukan da laka, sannan a yaɓe. Lakar ma ba a kwaɓa ta yau a shafa yau. A zuba mata ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a sake tattakewa. Mutanen zamanin da suna da abin yaɓe mai hana ruwa ratsa bango: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, haɗin katsin marina da gashin majema da tsiron dafara. Masu iya haɗa su sun yi ƙaranci, amma in ka samu ɗaya kada ka yi masa rowa. In kuma ka ce lallai sai siminti, to a fara kafa ƙusoshi da ragar waya a jikin bangon don ya samu abin kamawa, kuma ka riƙa ƙwanƙwasawa bayan kowace damina.

A rufin soro, kuskuren shi ne ƙara ƙasa kan ƙasa duk shekara ba tare da kankare tsohuwar ba. Nauyi na taruwa a kan azara, ranar da ƙasar ta sha ruwa nauyin ya ƙaru, sai ka ji ana salati. A rage tsohuwa kafin a sa sabuwa, a kuma karkata rufin wajen indararo. Shi kansa indararo a leƙa shi tun watan Mayu, don leda ɗaya ta isa ta mayar da rufi tafki. In gajere ne yana tsiyaya a jikin bango, a ƙara masa tsawo, a ajiye dutse inda ruwan ke sauka. Dutse dai ba ma sayensa da tsada a garin nan.

Masu rufin kwano kuma, dutsen da ake ɗorawa a kai ba ya hana iskar farkon damina ɗaukarsa. A ɗaure katakon da waya har cikin bango, ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Gindin bango ne wurin da aka fi cuta ba a sani ba. Nan ake watsa ruwan wanke-wanke, nan ake alwala, nan tsintsiya ke ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan kullum har wurin ya yi kwari. In ka ga wani fari-fari kamar kanwa yana fitowa, danshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma fentin mai ba ya maganinsa, kulle shi yake yi a ciki. A cike kwarin, a yi ɗan dakali mai gangara waje, a ba ruwan wanka hanya mai nisa da bango.

Ginin siminti shi kuma ƙishirwa ke kashe shi. Na san tsadar ruwan ga-ruwa a bazara, amma siminti, na Malbaza ne ko na Najeriya, da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. Bulon da aka buga aka bari a zafin Afrilu ko a busasshiyar iskar hunturu ba ban-ruwa, da farce ma sai ka kankare shi. A yi masa ban-ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7. Don ruwan ya yi auki, a rufe shi da tsofaffin buhuna a jiƙa su. Kada kuma a matsa wa mai bugawa ya fitar da bulo fiye da ƙima daga buhu ɗaya mai kilo 50. Yashi ma a gwada: zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, ba na siminti ba ne. Buhun da ba a taɓa ba kuma a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Sai abu ɗaya na tsafta da ba wasa a cikinsa. Wasu na haɗa ruwan jabel, wato bilic, da asid na wankin ban-ɗaki wai don ya fi fita. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji, balle a ƙuntataccen makewayi marar taga. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, a buɗe ƙofa. Asid ɗin ma yana cin daɓen siminti da layin da ke tsakanin karo, wato tayil, har ruwa ya samu hanyar ratsawa zuwa gindin bango. Sabulu da buroshi sun isa wankin yau da kullum.