Yadda ake sayen tsohon siririn agogon hannu ba tare da an faɗa wa mai fuskar fenti ba

Abin da ke jan masu tara agogo zuwa siraran agogunan shekarun 1950 da 1960 shi ne natsuwarsu: farar fuska, hannaye biyu ko uku, maɗaurin fata, ga sirantar da ke sa agogo ya shige ƙarƙashin hannun kaftani bai maƙale ba. Calatrava na Patek Philippe, wanda ya fito a 1932 da faɗin milimita 31, shi ne abin koyi a wannan siffa, kuma a 1957 Piaget ya fitar da injin 9P mai kaurin milimita 2 kacal. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihun mai farawa. Ka nemi Omega mai injin 30T2, ko Longines 30L, ko King Seiko. In kuɗin kaɗan ne, Luch 2209 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet siriri ne kuma yana da araha.

Da farko ka yarda da ƙanƙantarsu. Milimita 33 zuwa 36 shi ne faɗinsu na asali. Tsohon agogo mai milimita 42 da aka ce na 1950 ne, sau da yawa injin agogon aljihu ne aka cusa a sabon gida, wato ƙarfen da ke rufe da inji. Ka bar shi.

Sai fuska, inda sababbin shiga suka fi tafka asara. Idan fuskar agogo ta tsufa, wasu sukan kankare ta su sake fenti, su sake buga sunan kamfani. Ido yana ganin ta tas, mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali darajar agogon ta zube, kuma asalin fuskar ba ta dawowa. Ka nemi hoto na gaba-da-gaba a hasken rana, ka faɗaɗa shi sosai. Rubutun kamfani siriri ne mai kaifin baki. Na fenti yakan yi kauri, haruffa su kumbura, wani ya ɗara wani tsawo. Dubi layukan minti: tazararsu ɗaya ce, kuma kowace alamar awa tana zaune daidai kan layinta. Dubi ƙasan ƙarfe shida, inda agogunan Suwizalan ke ɗauke da Swiss ko Swiss Made. Mai fenti yakan manta da shi ko ya karkatar da shi. In akwai sinadarin da ke haske a duhu a hannaye da fuska, launinsu ya zama sun tsufa tare. Hannaye ruwan ƙasa a kan ɗigo fari fat alama ce an taɓa ɗaya daga ciki. Gida duk ƙarzuwa da fuska kamar jiya aka yi ta, wannan ma abin tuhuma ne. Agogunan HMT na Indiya da Seiko masu fuska ja ko kore shar da suka cika kasuwar intanet ta eBay a farashi mai rahusa, galibinsu fenti ne. Fuska mai ɗan dusashewa ko ƴan ɗige-ɗige, muddin ta asali ce, ta fi mai sheƙi nesa ba kusa ba.

Kada ka biya sai an buɗe murfin baya. A Omega, lambar samfuri tana cikin murfin, lambar jeri kuma tana jikin inji, ita ke nuna shekarar ƙira. Ka nemo hotunan agogo uku ko huɗu masu wannan lambar samfuri ka gwada da naka. Tsatsa ko kore-kore a inji na nufin ruwa ya shiga.

Gida kuwa, na ƙarfe mara tsatsa za ka ɗauka. Ruwan gwal yana goguwa a ƙafafun da ke riƙe maɗauri, kuma namiji Musulmi ya huta da batun sa zinare. In gefunan sun yi sulɓi sun rasa kaifi, an yi masa guga fiye da kima. Ƙarzuwar gilashin roba ba komai ba ce, man Polywatch yana share ta.

Ka yi masa wani, wato ka murɗa maɓallin gefensa, a hankali, ba yana ɗaure a hannunka ba, ka tsaya da zarar ya yi tauri. Ya kamata ya yi kusan awa 40 yana tafiya. Kuskuren sakan 30 a yini ba laifi ga mai wannan shekaru. In yana gudu da mintoci, yawanci maganaɗisu ne daga lasifika ko murfin waya, cire shi kuma aikin minti ɗaya ne. Ka ware kuɗin wanke inji da sa mai tun kafin ciniki, don wani lokaci yakan kai kuɗin agogon, kuma ka kai wa wanda ya san injin agogon da ake yi wa wani, ba mai canza batir ba.

Waɗannan agogunan ba sa jure ruwa, ko da an rubuta a bayansu. Cire shi kafin alwala, kowane lokaci. Da hunturu ka ajiye shi a rufaffen akwati saboda ƙura, kuma mai kwanan wata kada a canza masa kwana tsakanin tara na dare da uku na asuba.