Yadda Za Ku Shirya Yaro Mai Naƙasa Kafin Ya Gama Sakandare

Muddin yaro mai naƙasa yana makaranta, rayuwarsa na da tsari. Akwai malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi, akwai abokai irinsa, akwai inda zai nufa kowace safiya. Ranar da ya rubuta takardar ƙarshe ta NECO, duk wannan ya yanke. Shi ya sa nake gaya wa iyaye a nan Sakkwato, musamman masu yara a makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji, cewa tun yaro yana aji biyar na sakandare ake fara shiri. Ƙanena kurma ne, a hannuna ya tashi, yanzu dukanci yake yi. Daga nan na san abin da zan faɗa.

Ku fara zaunar da shi ku tambaye shi me yake so. Da yawanmu muna yanke wa yaran nan shawara suna zaune kamar ba su wurin. Idan kurma ne kuma maganar hannun da kuka iya a gida ba ta wuce "zo ka ci" da "je ka kwanta" ba, ku roƙi malaminsa ya zo ya yi muku tafinta. Za ku kuma sha fama da tausayi. Innarmu cewa ta yi, "Ku bar mini shi gida, mi shika biɗa waje?" Ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma zaman gidan nan shi ke kai yaro bara ranar da masu ciyar da shi suka kau.

Sai takardu. Lambar NIN, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, da takardar likitan asibitin gwamnati da ta bayyana irin naƙasar. Ku duba sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a ko'ina, domin Abubakar a nan, Garba a can, yana iya cinye muku shekara guda. Ku yanka masa layin waya na kansa, ku adana shi, da shi za a yi rajistar JAMB.

In karatu zai ci gaba, a faɗi irin naƙasarsa tun wurin rajista, kada a ɓoye. Tun 2017 hukumar JAMB ke da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, inda ake karanta musu tambayoyi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta masu buƙata ta musamman tana Oyo, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen wannan fanni. In kuwa gida zai tsaya, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata makarantar cikin gari, ku je da ƙafarku kafin a biya kuɗi. Ku ga ajin a ƙasa yake ko a bene, ku leƙa banɗaki, ku nemi a ba shi ɗakin kwana na ƙasa. Mai keken guragu ba takardar shiga ce damuwarsa ba, matakala ce.

Akwai dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ku san da ita, ku ambace ta a takardar neman aiki, ku yi masa rajista da ƙungiyarsu ta JONAPWD don ya riƙa jin labarin gurabe. Amma ni ban ba kowa shawarar ya naɗe hannu yana jiran aikin ofis ba.

Sana'a ita ce hanyar mafi yawansu, kuma a nan ne ake yin sakaci. Zaɓen ubangida ya fi zaɓen sana'ar muhimmanci. Ku nemi mai haƙuri wanda shagonsa ke kusa da gida, ku je da dattijo ɗaya ko mai unguwa a yi magana a gaban shaida: me za a koya masa, har zuwa yaushe, ƙarfe nawa zai tashi. Ku faɗa masa a fili cewa koyo kuka kawo shi, ba shara da sayo abinci ba, ba kuma don a zaunar da shi bakin ƙofa masu wucewa su riƙa jefa masa sadaka ba. Dabarar da ta yi mana aiki ƙarama ce. Mun ajiye littafi da biro a kan teburin yankan fata, mai saye ya rubuta lambar ƙafarsa da launin da yake so, ƙanena ya rubuta kuɗi da ranar karɓa. A bango kuma ya liƙa hoton kowane samfurin takalmi da farashinsa a ƙasa, mutum ya nuna da yatsa, ciniki ya faɗa. Sauran bayani ta WhatsApp suke ƙarasawa. Idan ya ƙware kuka je neman tallafi a Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ko wurin wani mai hali, ku roƙi kayan aiki, keken ɗinki ko injin goge takalmi. Tsabar kuɗi in sun shigo gida, cefane ke cinye su.

Fita shi kaɗai ma koyonta ake yi. Ku bi hanyar tare da sassafe kafin rana ta buɗe, sannan ku koma bin sa daga nesa, sannan ku daina. Ku sami ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep ɗaya sananne a unguwa, ku yi jinga da shi ta wata. Makaho a kunna masa TalkBack a wayar Android, zai riƙa karanta masa saƙo da sunan mai kira. 'Ya mace ta fi buƙatar a tantance wanda zai ɗauke ta da gidan da za ta koyi sana'a, amma kulle ta a ɗaki ba tsaro ba ne.

Da ya cika 18 ku buɗe masa asusun banki da sunansa. Katin cire kuɗi da lambar sirri su zauna a hannunsa, ba a hannun yayansa ba, ko da yayan ni ne. Ku ɗora masa wani abu na gida daidai ƙarfinsa, ko kuɗin ruwan 'yan garuwa ne, ya riƙa biya duk mako.