Idan aka ba ka rubutu ka duba

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Idan wani ya turo maka labarinsa, kada ka ce "bai yi ba" ka yi shiru. Fara da wurin da ya burge ka, ka ambace shi, ko da hira ɗaya ce tsakanin uwa da 'yarta. Sannan ka zaɓi gyara biyu ko uku, sauran su jira wani lokaci. Nuna masa "za ta" a rabe ake rubutawa, ba "zata" ba, kuma "ƙasa" daban, "kasa" daban. Ni dai a keɓe nake tura wa sabon marubuci gyara, don jin kunya a bainar jama'a na iya sa ya ajiye alƙalami.