Yadda za ku haɗa ekspoze kan gyara da wariya a Amurka ba tare da kun kwafo intanet ba

Wannan don ƙannenmu ne masu ƙetare gadar Kennedy kullum da safe zuwa Harobanda, don sati biyu ke nan ana ta turo min saƙo iri ɗaya, wai yaya an ba gurup ɗinmu gyare-gyaren siyasa da wariyar launin fata a Amurka daga 1865 zuwa 1920, ta ina za mu kama. To ga yadda ni nake yi, wanda ya ga da gyara ya gyara.

Da farko ku ajiye salula tukuna. Ku samo bayan tsohuwar kalanda, ku ja layi biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, shekaru iri ɗaya. Na sama na masana'antu da gyara, na ƙasa na wariya. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a raba batun gida biyu, wannan ya ɗauki masana'antu waccan ta ɗauki baƙar fata, kowa ya karanto nasa ya zauna kamar zancen ƙasashe biyu ake. Ni ma haka na yi lokacina, na gama zuba kamar rediyo, malam ya ɗago kai ya ce to a 1913 da aka ba jama'a damar zaɓen sanatoci da kansu, baƙin mutum na Misisipi ya jefa ƙuri'a? Na yi tsuru-tsuru, alli a hannuna har ya jiƙe da zufa.

Layin sama ba ya da wuya, kada ku ɓata lokaci a kai. Yaƙin basasa ya ƙare 1865, layin dogo ya haɗe gabas da yamma 1869, Rockefeller ya kafa kamfanin man fetur na Standard Oil 1870, Carnegie na narkar da ƙarfe a Pittsburgh, baƙi daga Turai na ta kwarara ta Ellis Island, tsibirin tantance baƙi a New York, tun 1892. Dukiya ta taru a hannun ƴan tsiraru, talaka da ɗansa suna masana'anta tun asuba. Sai gyara ya biyo baya, dokar Sherman ta 1890 don hana babakere, dokar duba nama da ta abinci da magani a 1906 bayan Upton Sinclair ya tona ƙazantar mahautan Shikago, kotu ta fasa Standard Oil gida 34 a 1911, mata suka samu ƙuri'a 1920. In kuna son ajin ya yi shiru ku kawo gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, 1911, mutum 146 suka mutu yawancinsu ƴan mata, ga ƙofa a kulle.

Layin ƙasa shi ne inda za ku zauna sosai. Ku fara da abin da takarda ta ce: 1865 an soke bauta, 1868 baƙaƙe sun zama ƴan ƙasa, 1870 an ce ba a hana mutum zaɓe don launinsa. Sai 1877 gwamnatin tarayya ta daina tsare kudu da sojoji, daga nan fa aka shiga yi wa doka zagon ƙasa. Nan ne dole ku bayyana dabarar, don ba inda aka rubuta baƙi ba zai yi zaɓe ba. Cewa aka yi sai ka biya harajin zaɓe, sai ka karanta wani sashe na tsarin mulki ka fassara shi yadda zai gamsar da mai rajista, shi kuma mai rajistar farar fata ne, in ya ga dama ya ce ka ci in bai ga dama ba ka faɗi. Misisipi ta shigar da wannan a tsarin mulkinta a 1890. Luwiziyana ta ƙara da cewa wanda kakansa ke da ƙuri'a kafin 1867 an yafe masa jarrabawa, to jikan bawa fa, wane kaka zai nuna? Ku rubuta wannan babba a tablo: baƙaƙe masu rajista a Luwiziyana sun haura 130,000 a 1896, a 1904 saura 1,342.

Yanzu ku nemo inda layukan biyu suka haɗu, maki yana nan. Ni jirgin ƙasa nake ɗauka. Irin jirgin nan da ake alfahari da shi a layin sama, a cikinsa aka kama Homer Plessy a New Orleans a 1892 don ya zauna a taragon farare, kuma da gangan ya yi don a kai maganar kotu, mutumin ma in ka gan shi ba za ka ce baƙi ne ba. A 1896 kotun ƙoli ta ce raba mutane ba laifi ba ne muddin abin da aka ba kowa daidai yake, alƙalai 7 suka yarda, John Marshall Harlan kaɗai ya ƙi. Daidai ɗin nan kuwa a baki ta tsaya, lakol, asibiti, wurin jiran jirgi, duk na baƙi shi ne ragowa. Na biyu Woodrow Wilson, shugaban da ake lissafawa cikin ƴan gyara, a mulkinsa ne tun 1913 aka shiga raba ma'aikata baƙi da farare a ofisoshin gwamnatin tarayya. Kuma a kudu hana baƙaƙe zaɓe ma da sunan tsabtace siyasa aka tallata shi, wannan ya fi ban haushi wallahi.

Kada ku nuna baƙaƙen kamar sun naɗe hannu. Ida B. Wells ƴar jarida ce a Memphis, aka kashe abokanta uku a 1892 ba shari'a, ta shiga bincike tana rubutawa har aka farfasa ofishin jaridarta. Sannan in ku huɗu ne ko biyar, biyu su yi muhawara ta minti 3 a matsayin jagororin baƙaƙe biyu, ɗaya ya zama Booker T. Washington mai cewa a kama sana'a a yi haƙuri da siyasa tukuna, jawabinsa na Atlanta 1895, ɗaya ya zama Du Bois mai cewa haƙƙi yanzu, wanda da shi aka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, a 1909. Du Bois ɗin ma a Akara ta Gana ya rasu a 1963, nan kusa da mu. Kada ku yanke wa ajin hukunci, ku bari su yi gardama.

Za a samu mai tambaya ko wannan daidai yake da dokar indijena ta zamanin Faransa a nan, wadda aka soke a 1946. Ku ce akwai kama, amma mu mulkin mallaka ne, su kuwa ƴan ƙasa ne a takarda aka hana su abin da takardar ta ba su, kuma sai 1965 aka yi dokar da ta buɗe musu rumfar zaɓe da gaske.

Sauran ƙananan abubuwa. Ku zana taswira ko da hannu ne ku nuna kudu da arewa, ku ja kibiya zuwa Shikago da Detroit don ƙaurar baƙaƙe da ta kankama lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Ku gwada furta sunayen a fada da dare kafin ranar, abokai su yi muku dariya can ya fi a aji. Kuma kada ku dogara da majigi, zafin nan na Yamai kuran na iya tafiya ana tsakiyar magana, ku naɗe kalandar nan ku tafi da ita da ɗan sikoc na mannawa.